Tambayar da Ba a Yi wa Mai Injin Niƙa a Asibiti

Akwai wani mai injin niƙa a bakin layinmu da na taso na tarar yana aiki, har yau kuma yana nan. Tun muna yara ake aikenmu wurinsa da kwanon gero ko masara, mu jera kwanuka a ƙasa mu tsaya jira. Ba a magana a rumfar nan, sai nuni. Ya ɗaga yatsu biyu, ka san kuɗinka ke nan. Ya bugi bakin injin da guntun ƙarfe don tsaba ta gangara, ƙarar ta ratsa ka har haƙori. In mun fito kunnenmu ya dinga yin shuuu har mu kai gida, mu kuwa dariya abin yake ba mu. Mu ba ma wuce minti 10 a wurin. Shi tun hantsi yake ciki har bayan la'asar, yau shekara fiye da 30.

Bara na raka shi ƙaramin asibitin unguwa saboda tari da ciwon baya. Ma'aikaciyar ta kira sunansa sau uku yana zaune yana kallon ƙasa, sai da na taɓa shi. Da muka shiga ta ce, "Sannu Baba, me ke damun ka?" Ya karkato kai ya ce, "Na'am, 'yata?" Ta maimaita da ƙarfi. Ta auna jininsa, ta saurari ƙirjinsa, ta rubuta magani, komai cikin ladabi. Ba ta tambayi sana'arsa ba, ba ta leƙa kunnensa ba. Ban ga laifinta ba, domin a bayanmu benci cike yake da masu awo da masu rigakafin yara da masu zazzaɓi, ita kaɗai ce sai mai taimaka mata. Kunnen Baba kuwa ya riga ya tafi, ko ta leƙa ba abin da za ta dawo da shi. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne ɗan autansa, ɗan shekara 15, wanda ya bari a kan injin ranar.

Kurumtar da ƙara ke jawowa ba ta da magani, amma a cikin dukkan cututtukan kunne ita ce wadda aka fi sanin hanyar tare ta. Don a gane dalili, sai an san abin da ke lalacewa. Sauti kaɗawar iska ce. Tana shiga ramin kunne ta bugi dodon kunne, shi ya miƙa wa wasu 'yan ƙasusuwa uku, su kuma su kai ta can ciki, wani ɗan kogo mai siffar katantanwa da ke cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu 'yan gasu a ka, wajen 16,000 a kowane kunne. In ruwan ya motsa sai gasun su tanƙwara, su aika saƙo ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. Da waɗannan aka haife mu, ba ƙari. Tsuntsu in nasa suka lalace sababbi na tsirowa, ɗan Adam kuwa wanda ya mutu ya mutu.

Ƙara mai ƙarfi tana gajiyar da su. Toshewar nan da shuuu ɗin da muke ji bayan mun fito daga wurin niƙa ko daga gidan biki, alamar gajiyar ce. Yawanci cikin kwana ɗaya ko biyu ji yakan dawo, shi ya sa ake ɗauka ba komai. A 2009 wasu masu bincike biyu a Boston ta Amurka, Sharon Kujawa da Charles Liberman, suka saka ɓeraye cikin ƙara mai ƙarfi na awa 2. Bayan 'yan makonni awon jinsu ya koma daidai, amma da aka duba cikin kunnen sai aka tarar da yawa daga mahaɗar ƙwayoyin gashin da jijiya sun tsinke, ba su kuma sake haɗuwa ba. Ke nan ko dawowar da muke gani ba cikakkiya ba ce. Yau kaɗan, gobe kaɗan, ba jini, ba zafi, ba kumburi.

Ɓarnar ba ta cin kunne baki ɗaya lokaci guda. Tana farawa ne daga sashen da ke kama siraran sautuka, musamman wajen kaɗawa 4,000 a daƙiƙa. A nan baƙaƙe irin su sa, sha, fa da tsa suke zaune. Wasula da hawa da saukar murya suna can ƙasa, inda ƙara ba ta saurin taɓawa. Saboda haka mutum yana jin ana magana sarai, amma sara da shara da fara da tsara duk sun zame masa abu ɗaya. Muryar mata da ta yara ce ke fara ɓace masa. A ɗaki shiru, mutum biyu, lafiya lau. A kasuwa, ko a taron ɗaurin aure, ko in janareto na aiki, sai ya koma gyaɗa kai da murmushi. Iyalinsa su ce ya fara share mutane, ko ya zama mai faɗa don yana ɗaga murya. Matar Baba ta taɓa ce wa mahaifiyata ya daina amsa sallama. A masallaci ya koma bin sahu da ido. A majalisa ya yi shiru, daga baya ya daina fitowa. Wannan janyewar daga cikin mutane ita ce babbar asara, kuma ba banza ba kwamitin masana na mujallar Lancet a 2020 ya saka raunin ji a sahun gaba cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ruɗewar tsufa waɗanda za a iya kaucewa.

In ka tambayi mai walda ko maƙeri ko mai injin yankan katako, amsa ɗaya za ka ji: "Ai mun saba." Kunne ba ya sabo da ƙara. Ranar da injin ya daina damun ka, ranar ce ƙwayoyin da ke jin sa suka fara ƙarewa.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel, kuma ma'aunin yana da ruɗi, domin ba ya hawa kamar mudu. Hira ta yau da kullum wajen 60 take. Cibiyar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa iyaka a desibel 85 na awa 8 a rana. Duk ƙarin desibel 3 kuwa ninkin ƙarfin sautin ne, don haka lokacin da kunne zai iya ɗauka sai ya rabu biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, a 100 kuwa minti 15 kacal. Awon da aka sha yi a rumfunan niƙa a kasuwannin Najeriya da Gana ya nuna suna wuce 85, sau da yawa ma suna haura 90. Wato kafin azahar mai niƙa ya cinye rabon kunnensa na ranar, ya shiga na gobe. Harbin bindiga ya wuce 140, kuma guda ɗaya kusa da kunne ya isa ya bar tabo na har abada, abin da ya kamata iyayen yaran da ke cusa kai cikin 'yan bindiga ranar hawan sallah su sani. Ba kowa ke da na'urar awo ba, amma akwai gwaji mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu biyu daga gare ka ya ji, to wurin ya kai matakin cutarwa.

Me ya sa nake ɗora wannan kaya a kan ƙaramin asibiti, wanda dama kayansa sun yi masa yawa? Don babu wani wurin. Rahoton ji na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutum fiye da biliyan 1.5 ne ke da raunin ji a duniya, miliyan 430 daga ciki na buƙatar kulawa. Ya kuma ce a cikin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kashi 78 cikin 100 ba su da ko likitan kunne, hanci da maƙogwaro ɗaya ga mutum miliyan ɗaya. Muna da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna tun 1999, muna da sassan kunne a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, amma wanda ya isa can ya isa ne bayan ɓarna ta gama. Ba wanda ke biyan kuɗin mota ya tafi Kaduna don kunnensa na yin shuuu da dare. Amma kowa na zuwa asibitin sha-ka-tafi, in ba don kansa ba, don matarsa ko ɗansa. Hukumar ta ce fiye da kashi 60 cikin 100 na matsalolin kunne da ji ana iya gano su a kuma magance su a wannan mataki, ta kuma fitar da littafin horar da ma'aikatansa a 2023.

Abu na farko ba ya cin ko kwabo. Wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, tun farkon ƙarni na 18 ya lura da maƙeran tagulla na birnin Benis, waɗanda aka tara a unguwa ɗaya suna dukan ƙarfe wuni guda: suna fara da nauyin ji, in sun tsufa a sana'ar su kurumce. Shi ne ya ce a kan tambayoyin da likita ke yi wa mara lafiya a ƙara guda ɗaya, wato wace sana'a yake yi. Shekara 300 ke nan, har yau a katin asibitinmu layin sana'a ko dai a bar shi fayau, ko a rubuta "kasuwanci" a wuce. Kasuwanci na iya zama sayar da goro, yana iya zama tsayuwa kan injin markaɗe daga asuba. Mata ma suna ciki: injin markaɗe da yawa a cikin gida yake, matar aure ce ke tuƙa shi, da goyo a bayanta. In amsar ta nuna akwai ƙara, sai a bi da biyu: kunnenka na yin kuka bayan ka tashi aiki? Kana shan wahalar gane magana a cikin taro? In da wanda ya rako shi, a tambaye shi, domin na gida sun riga mai abin sani. Duk wannan bai kai lokacin da ake ɗauka wajen ɗaura abin awon jini ba.

Sai a leƙa kunnen da fitilar duba kunne. Amfaninta a nan shi ne ware abin da ake iya gyarawa, kamar daskararren datti, ko ruwa, ko hujewar dodon kunne, daga abin da ba a iya gyarawa. Kunnen da ƙara ta cinye tas yake a ido, kuma wannan tsabtar ce ke sa a sallami mutum da maganin ɗigawa da ba zai yi masa komai ba. Gwajin raɗa ma yana taimakawa: ka tsaya bayan mutum tsawon hannu, ka toshe ɗaya kunnen kana murza shi, ka fitar da numfashi, sannan ka raɗa lambobi uku ya maimaita. Sai dai a san iyakarsa. Yana kama wanda ya yi nisa, ba ya kama yaron da ya shekara 2 a kan inji. Akwai manhajar waya ta hearWHO da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, wadda ke karanto lambobi cikin hayaniya, amma sai wanda ya san lambobin a harshen da take magana. Ra'ayina shi ne kada a jira gwaji ya nuna wani abu. Wanda ya ce yana aiki cikin ƙara, ya cancanci shawara ko da jinsa garau yake. Shi ne ma ya fi cancanta, tunda an tabbatar ɓarnar ta fi gudu a shekara 10 zuwa 15 na farkon aiki. Almajirin sana'a ake nema, ba maigidansa ba.

Inda ma'aikatan lafiya suka fi yin tuntuɓe shi ne shawarar kanta. Ka ce wa mai iyali 12 ya bar injin da ke ciyar da su, ka gama magana da shi ke nan, ba zai sake sauraron ka ba. Shawarar da za ta yi aiki sai ta shiga cikin rumfarsa. A fili, duk lokacin da ka ninka tazararka da abin da ke ƙara, sautin na raguwa da wajen desibel 6, wanda a lissafin da ya gabata ya ninka lokacin da kunne zai jure har sau huɗu. Janareton da ke bakin ƙofar shago, a ƙara masa waya a kai shi baya. Wannan ma ya rage hayaƙinsa, wanda bayan kisan da yake yi, yana ƙara wa ƙara ƙarfin cutar da kunne. Injin da salansarsa ta fashe a gyara, kusoshin da suka saki a ɗaure, a sa masa tsohuwar taya a ƙasa don ya rage girgiza. Rumfar kwano rufe ruf tana mayar da ƙara kan mai ita, buɗe gefe ɗaya na sauƙaƙawa. In su biyu ne, su yi karɓa-karɓa, wanda ya huta kuma ya fita waje, kada ya zauna kan buhu kusa da injin. A kashe shi in ba niƙa. Masu jira, musamman yara masu goyon ƙannensu, a sa musu benci daga waje.

Sannan matoshin kunne. Audugar da ake cusawa kusan kwalliya ce, abin da take tarewa kaɗan ne, illarta kuma ita ce mutum ya ɗauka ya tsira. Matoshi na soso, mai arha, yana aiki in an sa shi daidai: a murza shi da yatsu masu tsabta ya zama siriri, a zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunnen sama, a tura, a riƙe har ya kumbura ya cika ramin. Yawancin masu sa shi rabi suke turawa, ya tsaya a baki kamar ƙawa. Wannan abu ne da sai an nuna, ba a faɗa da baki, kuma minti ɗaya ya isa. Akwai ƙorafin da za a ji, kuma ƙorafi ne na gaskiya: mai niƙa da kunne yake gane faranti ya bushe ko bel ya saki. Amsar ita ce matoshi ba ya kashe sauti, rage shi yake, kuma bayan 'yan kwanaki mutum na koyon muryar injinsa a sabon matakin. Amma cirewa da mayarwa na rushe amfanin. A wurin da ƙarar ta kai 100, 'yan mintocin da aka yi kunne a buɗe sun isa su cinye kason ranar.

Akwai wani ɓangaren da ya rataya kacokan a wuyan masu ba da magani. Allurar jentamaisin da 'yan uwanta, irin su sitireftomaisin da amikasin, suna kashe ƙwayoyin gashin nan su ma, kuma in suka haɗu da ƙara ɓarnar ta fi ta kowanne shi kaɗai. Magunguna ne masu ceton rai a inda ya dace, kamar jaririn da ƙwayar cuta ta shiga jininsa. Amma kowa ya san yadda ake dirka jentamaisin a kyamis don zazzaɓi ko ƙaiƙayi ko "sanyi", ba awo ba lissafi. Ma'aikacin da ya san mutumin da ke gabansa maƙeri ne zai yi tunani sau biyu kafin ya rubuta ta in akwai madadi. Kunnuwanmu a wannan yanki dama ba da cikakken jari suke shiga sana'a ba: ga sanƙarau, ga ƙyanda, ga ciwon kunne mai ruwa tun yarinta, ga zazzaɓin Lassa da ke barin kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke da matsalar ji. Wanda ya riga ya yi asarar wani kaso, abin da ya rage masa ya fi tsada.

Ba kowace kurumta ce ta ƙara ba, ko da a mai aikin ƙara. Ta ƙara a hankali take zuwa, kuma galibi kunne biyu take ci tare. Wanda ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke ɗif, leƙawa kuma ba ta nuna datti ba, wannan gaggawa ce, a tura shi babban asibiti a ranar, domin maganin da ake bayarwa ya fi aiki a cikin mako biyun farko. Haka mai kukan kunne ɓangare ɗaya, ko mai jiri, ko mai ruwan da ya ƙi tsayawa.

Matasa kuwa tasu ƙarar a aljihu take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta fiye da biliyan 1 na masu shekara 12 zuwa 35 suna cikin haɗari saboda yadda suke sauraron sauti. Ma'auninta ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, shawararta kuma kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar. Matsalar ita ce a cikin adaidaita sahu ko bakin titi ake saurare, sai an ƙure kafin a ji. Wasu da abin a kunne suke kwana, ko waƙa ko karatu ko labari, kunne bai san bambanci ba. A wurin biki da wa'azi da gangamin siyasa, dubi waɗanda ke gaban lasifika: yara ne. Ma'aunin da hukumar ta fitar a 2022 don wuraren taro ya tsaya a 100, a matsakaicin minti 15. Ranar awo da ranar rigakafi, lokacin da ake yi wa mata jawabi kan shayarwa da gidan sauro, jimla biyu kan nisanta yaro daga lasifika da injin markaɗe ba za su tsawaita zaman ba.

Doka tana nan a takarda. Hukumar NESREA, mai kula da dokokin muhalli a Najeriya, na da ƙa'idojin hayaniya tun 2009, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta ambaci raunin ji a cikin abin da ake biyan diyya a kai. Wannan na iya amfanar ma'aikacin kamfanin siminti ko masaƙa, shi ya sa yake da kyau a rubuta sana'a da shekarun aiki a kati, wata rana shi ne shaidarsa. Amma mai niƙa shi ne kamfanin, shi ne ma'aikacin. Ba sufeton da zai zo rumfarsa, ba wanda zai biya shi.

Bayan mun dawo daga asibitin na shiga neman matoshin soso. Kyamis uku na unguwarmu ba wanda ya taɓa ajiye shi, ɗaya ma tsinken auduga ya miƙo mini. Sai a wani shagon kayan magina na samu, tsakanin hular kwano da safar hannu. Da ƙaramin asibitinmu zai ajiye kwali ɗaya kusa da abin awon jini, ko ya gaya wa masu kyamis su kawo, da an rage wannan yawon. Na kai wa Baba, na yi masa bayani da ƙarfi a bakin kunne. Ya juya su a tafin hannu ya ce, "Ni kam ai an gama, ɗana. Ba wa yaron." Na ce masa abin da ya rage ma abin tsarewa ne, bai karɓa ba. Na nuna wa yaron yadda ake murzawa da jan kunne, ya gwada sau uku kafin ya zauna. Yanzu yana sa su da safe. In rana ta take yakan cire, ya ce ƙaiƙayi suke masa, baban kuma ya ce zai riƙa sa masa ido.